Wayar Da Za A Binne Don Kai Intanet Ƙauye: Ina Rabon Manomi?

Tun cikin shekarar 2024 manoma ke jin labari a rediyo, wai Gwamnatin Tarayya za ta binne waya mai tsawon kilomita 90,000 a ƙarƙashin ƙasa, domin a kai intanet mai sauri ko'ina cikin Nijeriya, har ƙauyuka. Waɗansu da suka ji sai suka ce ai wannan zancen 'yan boko ne da samari masu latse-latsen waya, ba ruwan mai garma da shi. Waɗansu kuwa suka ɗauka gobe-goben nan za su wayi gari su ga sabis ya cika har bukkar gona. Dukansu biyu ba su faɗi daidai ba. Abin ya shafi manomi ƙwarai, ya shafi ɗan kasuwa mai sayen amfanin gona, har da akawun da ke riƙe da littafin ƙungiyar manoma. Amma fa akwai sauran tafiya tsakanin inda wayar za ta tsaya da inda manomi yake zaune.

Ga yadda maganar kuɗin take. A watan Mayu na 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yarda a kafa wani kamfani na musamman wanda zai ɗauki nauyin aikin. Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, ya bayyana cewa aikin zai ci wajen dala biliyan 2, kuma irin wannan waya da ake da ita a ƙasar a lokacin tsawonta wajen kilomita 35,000 ne, idan aka ƙara sabuwar sai ta zama 125,000. Aka sa wa aikin suna BRIDGE, watau gada da Turanci. A watan Oktoba na 2025 Bankin Duniya ya amince zai ba da dala miliyan 500 daga cikin kuɗin. Abin lura a nan guda biyu ne. Na fari, kuɗin Bankin Duniya rance ne, ba kyauta ba, za a biya shi daga aljihun ƙasa, kuma manomi yana cikin masu biya ko ya sani ko bai sani ba. Na biyu, an shirya Gwamnati ba za ta riƙe rabin hannun jarin kamfanin ba, mafi yawa na masu zuba jari ne. Mai zuba jari kuwa, kowa ya sani, inda riba take nan yake fuskanta.

Ita wayar ba ta jan ƙarfe ba ce irin wadda aka saba gani a kan turaku. Zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, an lulluɓe shi da roba, haske ke bi ta cikinsa yana ɗauke da magana da rubutu da hoto. Faiba ake ce mata. Manyan wayoyin da suka haɗa Nijeriya da sauran duniya ta ƙarƙashin teku suka biyo, yawancinsu a Ikko suka fito. Daga can ne sai an ja su sun ratsa daji da kogi kafin su iso Kano ko Sakkwato ko Maiduguri.

Wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko Kura ko Bunkure ba zai sha wuyar gane al'amarin ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja babbar magudana, wadda manoma ke ce wa kanal, ta ɗauko ruwa mai yawa. To, amma ruwan da ke cikin babban kanal bai taɓa shayar da alkamar kowa ba. Sai an ja ƙaramin kanal daga babba, an ja ɗan ƙarami daga ƙaramin, har ruwa ya shiga fangali. Inda ƙaramin ya toshe da kachalla ko ya fashe, manomi yana tsaye yana kallon ruwa yana wucewa, shukarsa kuwa tana bushewa. Wayar kilomita 90,000 ɗin nan ita ce babban kanal. Nufinta ta kai manyan garuruwa da hedkwatocin ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu 774 ne. Ƙaramin kanal shi ne ƙarfen sabis, dogon ƙarfen nan da ake kafawa a gefen gari, wanda ke karɓa daga wayar yana watsawa ta iska zuwa wayar hannu. Idan babu shi, ko wayar ta bi ta bakin gonar mutum, ba abin da zai samu sai ramin da aka haƙa.

ABIN DA YA HANA KAMFANONI SHIGA ƘAUYE

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, yau fiye da shekara ashirin ke nan, amma har yanzu akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu, ko ya tsaya gindin wata bishiya da kowa ya sani, kana ya sami sabis. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfen sabis yana son wuta dare da rana. Inda babu lantarki sai inji, inji kuwa man dizal yake sha, sai an ɗauko man a mota ta hanyar da da damina ba ta biyuwa. Ga mai gadi, ga ɓarayin batir. Idan kamfani ya yi lissafi ya ga mutanen ƙauyen kati na naira ɗari ko ɗari biyu suke sa wa, sai ya ga bai fita ba, ya kwashi kayansa ya ƙara wani ƙarfe a birni.

Saboda haka ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu, ana ce masa USPF, a ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC. Ana zuba masa wani kaso daga kuɗin da kamfanonin waya ke biyan hukumar, shi kuma sai ya tallafa wa kamfani ya kafa ƙarfe a inda ba don tallafin ba ba zai je ba. Kamar dai yadda ake rage wa manomi kuɗin taki ne, sai dai nan kamfani ake rage wa. Hukumar ta ce a 2013 ta ƙidaya yankuna 207 da ba su da sabis, masu mutane wajen miliyan 37. Zuwa 2022 suka ragu zuwa 97, masu mutane wajen miliyan 27. An yi aiki, ba a ce ba a yi ba. Amma mai lissafi ya duba da kyau: yankunan sun ragu da fiye da rabi, mutanen kuwa ko sulusi ba su ragu ba. Kuma waɗannan miliyoyi ba ma'aikatan ofis ba ne. Manoma ne da makiyaya da masunta.

A watan Maris na 2020, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari da Minista Isa Ali Pantami, aka fito da wani shiri na shekara biyar, aka ce zuwa 2025 mutum 70 cikin 100 za su sami intanet mai sauri. Shekarar ta zo ta wuce ana wajen rabi. A cikin 2025 kuma aka ba da sanarwar za a kafa ƙarafan sabis dubbai a karkara da hannun Gwamnati a ciki. Wannan sanarwa ta fi ta wayar kusa da manomi, ita ce ya kamata a fi sa wa ido.

ME MANOMI ZAI YI DA SHI?

Wani zai ce, ai ƙaramar wayata mai tocila tana kira, tana karɓar saƙo, me ya rage? Gaskiya ne, tana yi. Bambancin shi ne, tsohon sabis magana da gajeren rubutu kaɗai yake iya ɗauka. Hoto da bidiyo da aikin banki na babbar waya sai mai sauri. Aikin gona kuwa da yawansa aikin ido ne.

A ɗauki misalin ƙwari. A 2016 annoba biyu suka auka wa manoman ƙasar nan. Wata tsutsa baƙuwa daga nahiyar Amurka ta bayyana a gonakin masara, tana shiga cikin kunnen masara tana cinye zuciyar. A shekarar kuma ƙwaron nan da manoman Kano ke kira sharon ya cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Da yawa ba su taɓa ganin irinsu ba. Mutum ya je kasuwa ya kwatanta wa mai sayar da magani da baki, shi kuma ya miƙa masa abin da ke gabansa. Aka yi ta fesa maganin da ba ya kashe su, kuɗi ya tafi, amfani ya tafi. Malamin gona ɗaya ne ga manoma dubbai, ko yana da babur ba zai iya zaga gonar kowa cikin mako guda ba, tsutsa kuwa ba ta jiran ranar da zai zo. Inda akwai sabis mai ƙarfi, manomi zai ɗauki hoton ganyen da safe ya aika, kafin azahar an gaya masa ko mene ne, da maganin da ya dace, da awon da zai zuba a tankin feshi, da lokacin da ya fi kyau a fesa. Malami ɗaya yana iya duba hoto hamsin a zaune. Ba ya iya zuwa gona hamsin a yini.

Sai maganar ruwa. Kowace shekara, tun kafin damina, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashenta: lokacin da ake zaton damina za ta kankama a kowane yanki, da lokacin ɗaukewarta, da inda ake tsoron fari a tsakiya. Ba duba ba ne, kuma ba kullum yake cika daidai ba, sanin gaibu sai Allah. Awo ne da lissafi. Amma manomin da aka gaya wa cewa ruwan farkon nan mai yiwuwa ne a yi kwana goma sha ba a sake wani ba, zai yi tunani kafin ya zuba irin da ya saya da tsada. Sau nawa aka yi shuka da ruwan farko ta tsiro ta ƙone, aka koma neman iri a hannun maƙwabta? Hasashen yana nan a rubuce, har da fassarar Hausa. Abin da ya rage shi ne ya isa hannun mai shuka a cikin makon da yake bukatarsa.

Game da farashi kuwa, nan ne aka fi cika baki, saboda haka sai a yi magana da awo. Gaskiya ne manomin da ya san yadda buhun masara ya kwana a Dawanau ko Dandume ko Giwa, ko yadda aka sayar da bijimi a Potiskum ko Maigatari, ba a yi masa wayon da za a yi wa wanda bai sani ba. Ɗan kasuwa na kirki ma ya huta, gama ba sai ya ɗauki mota ya tafi ƙauye a kan tsammani ba, zai ga hoton kayan tun yana rumfarsa. Amma sanin farashi ba ya biyan bashi. Wanda ya ci ba-da-kaka tun watan Yuli, ya riga ya sayar da hatsinsa tun yana tsaye a gona, ko an gaya masa farashin Dawanau sau goma sai dai ya ƙara masa baƙin ciki. Haka wanda tumatirinsa ke kwando, hanya ta yanke, ba shi da wurin ajiya. Intanet ba ta zama hanya, ba ta zama rumbu. Tana taimakon wanda ke da ikon ya ce a'a, ya jira kasuwa ta gaba.

Abu na huɗu shi ne kuɗi, kuma wannan ba sai an yi dogon bayani ba, gama kowa ya ɗanɗana. Farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, kasuwannin ƙauye suka tsaya cik. Mai saye ya ce zai yi transfa, mai sayarwa ba shi da sabis ɗin da zai ga ko kuɗin sun shiga. Na'urar mai POS ta yi ta juyawa ba ta ba da amsa. Manoma da yawa suka karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Tun kafin wannan ma an ga alama. A 2012, zamanin Minista Akinwumi Adesina, aka soma rabon taki ta waya: a aiko wa manomi saƙo, ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Dabara ce mai kyau, ta rage hannun 'yan tsakiya. Amma a ƙauyukan da babu sabis sai saƙon ya maƙale, a wurin rabon ma wani lokaci a wuni ana jiran layi ya dawo. Tun da Gwamnati da bankuna sun mai da harkokinsu kan waya, ƙauyen da ba shi da sabis kullum a ƙarshen layi yake.

INDA GIZO KE SAƘA

Wata matsala daga gwamnatocin jihohi take. Duk kamfanin da zai haƙa gefen hanya ya binne waya sai ya biya jiha kuɗin izni a kan kowace mita. Tun 2013 aka yi shawara a tsaya a kan naira 145, aka sake jaddadawa a 2020, amma jihohi da dama suka riƙa karɓar dubbai. Ekiti, alal misali, naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko zuwa 145 a 2020, Kaduna kuwa a shekarar ta yafe kuɗin ɗungum. Akawu ya ɗauki alƙalami. A kan naira 145, kilomita ɗaya naira 145,000 ne. A kan 4,500, kilomita ɗaya naira miliyan 4 da rabi. Ƙauyen da ke nesa da hedkwata da kilomita 50, kuɗin izninsa kaɗai ya tashi daga naira miliyan 7 da ɗoriya zuwa miliyan 225, tun ba a sayi ko taku ɗaya na waya ba. Jihar da ta tsawwala wannan kuɗi ta ci na yau ne ta hana talakawanta na gobe, kuma mutanen birni ba su ne za su ji a jikinsu ba, gama su kamfani zai kai musu ko da tsada.

Bayan an binne kuma sai tsarewa. Hukumar NCC ta ce a cikin 2024 kaɗai an yanke wayar faiba fiye da sau 50,000, mafi yawa wajen aikin hanya, katafila ta tono ta. Akwai kuma masu haƙa da dare suna zaton jan ƙarfe ne, su yanke, su tarar da gilashin da ko ɗan gwangwan ba zai saya ba, amma sun jefa gari guda cikin duhu. A shekarar ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kayan ƙasa waɗanda laifi ne babba a taɓa su.

Mutanen Zamfara da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna sun san darajar sabis fiye da kowa. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a can saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni, waɗansu wuraren watanni. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa garuruwa masu nisa don su yi kira ɗaya ko su karɓi kuɗin da ɗa ya aiko. Har yanzu wannan damuwa tana nan ta wata fuska: inda babu zaman lafiya injiniya ba ya zuwa gyara, mai tankar mai ba ya zuwa, ƙarfe yana tsaye amma ya mutu. Ƙarafan da ke aiki da hasken rana sun rage wahalar man, ba su kawar da ta tsaro ba.

Ko an kafa ƙarfe, saura kuɗin sha. Shirin 2020 ya yi fatan a sayi gigabait ɗaya na data a kan naira 390. A watan Janairu na 2025 sai NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, saboda tsadar mai da faɗuwar naira. Babbar waya kuma kuɗinta ya kai na buhunan hatsi. A gida da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, alhali kuwa matan gida su ke kiwon awaki da kaji, su ke sarrafa gyaɗa da shinkafa, su ma suna da tambayoyinsu. Sa'an nan ga harshe. Yawancin abin da aka rubuta game da noma a intanet da Turanci yake, kuma na wata ƙasa ne mai wata irin damina. Idan cibiyoyin Samaru, irin su IAR da NAERLS, da ma'aikatun gona na jihohi ba su cika wayar da bayani na Hausa da Fulatanci da Barbarci ba, da murya da hoto don wanda bai yi karatu ba, to samari za su cika ta da wasan kwaikwayo da ƙwallo, a ce an kai intanet ƙauye. Cikin kuɗin da ake ta ambata, wannan ɓangare ne ba a cika jin an ambace shi ba, ga shi kuwa shi ne mafi araha.

ABIN DA MUTANEN ƘAUYE ZA SU IYA YI TUN YANZU

Ba a ce a naɗe hannu ana jiran Abuja ba. Garin da ba shi da sabis, ya kamata dagaci da masu unguwa da shugabannin ƙungiyar manoma su sa akawu ya rubuta takarda: sunan gari, yawan gidaje, ranar kasuwa, makaranta da asibitin da ke akwai, da nisan gari daga inda sabis ya tsaya. A kai wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, a riƙe kwafi. Mai rabon ƙarfe da takarda yake aiki, garin da ba ya cikin takarda ba ya cikin rabo. Idan an zo neman filin kafawa, kada a tsaya jayayya a kan 'yar ƙasar da ba ta kai fangali huɗu ba har kamfani ya gaji ya wuce gari na gaba. A yi yarjejeniya a rubuce, da shaidu, a san wanda zai karɓi kuɗin haya. Masu huɗa da tarakta a gefen babbar hanya su lura da 'yan turakun siminti da ake kafawa don nuna inda waya ta bi.

Ƙungiyar da ke da mutum ashirin ko talatin tana iya haɗa kuɗi bayan kaka ta sayi babbar waya ɗaya da ɗan faifan sola na caji, a damƙa wa wani mai amana wanda ya iya karatu, a sa lambar malamin gona da ta dillalai biyu ko uku a kasuwanni dabam-dabam, domin kada a dogara ga bakin mutum ɗaya. Ƙungiyoyin mata su yi tasu dabam.

Kuma a sani, duk hanyar da aka buɗe, ɓarawo ma yana bi. Da sabis ya shigo gari, saƙonni za su biyo: wai an zaɓe ka cikin masu samun rancen noma, aiko da naira kaza na rajista, ko faɗi lambar sirrinka ta banki a zuba maka kuɗi. Babu bankin da ke tambayar lambar sirri ta waya. Mai sayar da hatsi kuma kada ya bari a ɗora buhu a mota don an nuna masa hoton rasit a wayar mai saye. Ya duba asusunsa da kansa, ko ya sa ɗansa ya duba, sai ya ga kuɗin sun zauna kana a ɗaure kaya.